Furannin Biki a Aboabo: Asara Biyu Kafin a Dace da Mai Fure

## Asalin lamarin

Iyalin da wannan bayani ya shafa mazauna Aboabo ne a Kumasi, za su aurar da 'yarsu ta biyu. An sa rana Lahadi 23 ga Fabrairu, Lahadi ta ƙarshe kafin a kama azumi, lokacin da duk gidan da ke da aure a zango yake gaggawar gamawa. Tsarin bikin shi ne wanda aka saba: lalle ranar Alhamis, ɗaurin aure Lahadi da safe a masallaci, taron mata da walima a layi ƙarƙashin rumfuna daga bayan azahar zuwa magariba, sai liyafa a ɗakin taro bayan isha, tebur 20, kowanne da mutum 10.

Kuɗi yana hannun gwaggon amarya, wadda ita ce uwar biki. Yayar amarya aka ɗora wa sha'anin ado. Abin da amarya ta roƙa shi ne furanni na gaske, ba na roba ba, kuma tana da hoto a wayarta: bango cike da farin wardi, wato ros, a bayan kujerar ango da amarya, manyan dunƙulen haidiranjiya farare a kan tebura, da damin fiyoni a hannu. Hoton na wani biki ne da aka yi cikin lambu a Turai.

Wardi, kaneshan, lili da haidiranjiya da ake sayarwa a Ghana galibinsu baƙi ne. Jirgi ke kawo su daga gonakin tuddan Kenya da Habasha, ko daga kasuwar furanni ta Holan, su sauka a Akra, kuma sai da izinin sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma ake shigo da su. Daga Akra zuwa Kumasi akwai kimanin kilomita 250, tafiyar awa 5 zuwa 6 a mota idan ba a ci karo da cunkoso ba. Wardi yana son a ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 5, alhali zafin Kumasi a watan Fabrairu yakan haura digiri 32 da rana. Abin da ƙasar ke fitarwa da kanta shi ne furannin ƙasashen zafi, irin su helikoniya da furen citta, da ganyaye iri-iri da masu lambu ke nomawa a wajajen Aburi da gefen manyan garuruwa.

## 1 ga Disamba: zaɓin farko

Yayar amarya ta samo mai ado a Instagram, mace mai mabiya da yawa da hotuna masu ɗaukar ido. Duk cinikin a WhatsApp aka yi shi, yawanci da saƙon murya. An tura mata hoton amarya, ta ce babu abin da zai gagara, har da fiyonin. Ta yanke kuɗi a dunƙule na “ado da fure”, aka tura mata rabi ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, a matsayin kafin alƙalami. Ba a rubuta komai ba. Ba a ambaci adadin kara ko tsawonsa ba, ba a tambayi inda furen zai kwana ba, ba a kuma tambaya ko furannin da ke cikin hotunanta na gaske ne.

Akwai lissafin da ba wanda ya yi a ranar. Bangon da ke cikin hoton ya kai mita 2.4 tsawo da mita 2.4 faɗi. Kan wardi guda ɗaya da ya buɗe yana cin wuri kamar santimita 6, don haka kowace murabba'in mita tana ɗaukar wajen 280, bangon gaba ɗaya kuma wajen 1,600. Dami 80 ke nan idan kowane dami yana da kara 20. Kuɗin da aka yanke na ado duka bai kai kuɗin rabin wannan wardin ba. Fiyoni kuwa a Turai daga wajen Afrilu zuwa Yuni yake fitowa; a Fabrairu samunsa sai an sha wuya, da tsada mai yawa.

## 12 ga Janairu: ranar kawo lefe

Gwaggo ta nemi a ƙawata falon da za a karɓi akwatunan lefe, da wardi 60 da haidiranjiya 10. Ba da niyyar gwaji aka yi ba, amma shi ya zama gwajin.

An sayo furen a Akra ranar Juma'a da yamma, aka ɗora kwalin a ma'ajin kaya na bas ɗin dare, a ƙasa, kusa da zafin inji. Ya iso Kumasi da asubar Asabar, ya zauna a tasha har ƙarfe 10 kafin a ɗauko shi. Da aka buɗe, sai aka tsoma kararen cikin bokitan wanki kamar yadda suka zo, ba a datse gindinsu ba, ba a kuma cire ganyen da ya nutse cikin ruwa ba. Soson fure, wannan koren tubalin da ake soka kara a ciki, an danna shi cikin ruwa da hannu don ya jiƙe da wuri. Lahadi da ƙarfe 10 na safe aka jera adon a falo, fanka na kaɗawa, tagogi a buɗe, iskar hunturu na shigowa.

Kafin ƙarfe 1 haidiranjiya duka 10 sun yi laushi sun kwanta. Zuwa ƙarfe 3, lokacin da dangin ango ke zaune, wardi 22 cikin 60 sun karya wuya, kansu ya rataya ƙasa.

Kowane mataki ya ba da nasa gudummawar. Karan da ya yi sa'o'i ba ruwa, iska ce ke shiga hanyoyin ruwan da ke cikinsa, bakin yankan kuma ya bushe ya toshe. Idan ba a datse santimita 2 zuwa 3 daga gindi ba, furen yana tsaye cikin ruwa amma ba ya sha. Ganyen da ya nutse yana ruɓewa, ƙwayoyin cuta su yi yawa cikin ruwan su ƙara toshe karan, kuma bokitin wanki dama yana ɗauke da nasa. Wuyan wardi, dab da kai, shi ne wuri mafi taushi a jikinsa, shi ya sa can ƙishirwa ke fara nunawa. Soson fure kuma a kan ruwa ake ɗora shi a bar shi ya nutse da kansa, cikin minti ɗaya ko biyu. Wanda aka danna yakan jiƙe a waje, tsakiyarsa a bushe, kuma a tsakiyar nan ne bakin kara ke tsayawa. Da aka yanka guda ɗaya washegari, an tarar da cikinsa fayau. Haidiranjiya ita ce ta fi kowanne saurin zubar da ruwa, saboda faɗin kanta, don haka fanka da busasshiyar iska suka gama da ita tun kafin baƙi su iso.

Washegari gwaggo da yayar amarya suka je wurin mai adon. Ba ta ɓoye ba: ba ta da ɗakin sanyi, aikinta labule ne da rigunan kujeru da fitilu, kuma yawancin furannin da ke hotunanta na yadi ne da roba. Bangon ma nufinta ta yi shi da na roba, ta sossoka na gaske kaɗan a gaba. Ta ce ba wanda ya tambaye ta. Kafin alƙalamin kuwa ta riga ta sayi yadi da shi.

## 22 zuwa 25 ga Janairu: gwajin gida

Shawarar da ta biyo baya ita ce a sayo furen kai tsaye, 'yan matan gida su haɗa. Wani ɗan uwa da ke zaune a Nima, wata unguwa a Akra, ya sayi dami 2 na farin wardi, kara 40, daga hannun mai shigo da su, ya kawo da kansa ranar Laraba a kujerar baya ta mota mai na'urar sanyi. Sun iso lafiya lau. An datse gindinsu a wannan karon, amma da almakashin ɗinki da ya dakushe, wanda ke murƙushe kara maimakon ya yanka shi.

An raba su biyu. Ashirin sun shiga firjin gida da ledarsu, ashirin kuma aka ajiye su cikin bokiti a ɗakin ajiyar abinci, domin shi ne ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

Na cikin firji, waɗanda suka taɓa bangon baya sun daskare, da aka fito da su suka yi ruwa-ruwa suka koma launin ƙasa. Daren Alhamis aka ɗauke wuta na awa 6. Firjin ya yi ɗumi, ya sake yin sanyi, gumi ya taru cikin ledar. Zuwa Asabar ɗigo-ɗigon tabo sun fito a kan furen, wasu har da furfurar toka-toka, irin ruɓar da laima ke haifarwa, wadda ta fi fitowa fili a kan farin fure. Na ɗakin ajiya kuma sun buɗe gaba ɗaya cikin kwana biyu suka fara zuba. A ɗakin akwai ayaba da filanten da aka ajiye su nuna, kuma 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke tsofar da fure da wuri. Hayaƙin janareta da na mota ma suna ɗauke da ita, ga janaretan maƙwabta a bayan tagar ɗakin.

Ranar Asabar, kwana 3 bayan isowa, 9 ne kawai cikin 40 za a iya ɗorawa a tebur. Gwaggo ta dubi yayar amarya ta ce, “'Yata, wannan ba shinkafa ba ce da za mu auna mu ajiye.” Ko da gwajin ya yi kyau, furen biki gaba ɗaya zai ci bokiti fiye da 20, a gidan da zai cika da baƙi daga Tamale da Akra tun ranar lalle. Aka bar wannan hanya.

## 27 ga Janairu zuwa 4 ga Fabrairu: sabon nema

A wannan karon ba a fara da hoto ba. An tambayi matan da suka halarci bukukuwa a 'yan watannin baya wane ado ne suka gani yana tsaye har aka tashi taro, aka samu suna uku. Yayar amarya ta je wurin biyu da ƙafarta, ɗaya kuma a Akra take, ɗan uwan nan na Nima ya je. Tambayoyin iri ɗaya aka yi wa kowacce: daga wace ƙasa furen ke zuwa kuma wace rana yake sauka, a cikin me yake zuwa Kumasi, ina yake kwana, a nuna wurin, me ake yi idan an ɗauke wuta, aiki nawa ta karɓa a wannan Asabar da Lahadin, me za ta sa idan abin da aka nema bai zo ba.

Ta farko gwana ce, amma yawancin aikinta furen jana'iza ne. Asabar ita ce babbar ranar jana'iza a Kumasi, kuma ita ce ranar da ya kamata a haɗa furen bikin Lahadi. Ta riga ta karɓi aiki 4 na ranar, da mataimakiya ɗaya. Ta Akra tana da komai, amma kuɗin mota mai sanyi da masaukin ma'aikata ya ƙara wajen kashi ɗaya cikin uku a kan farashi. Ta uku a Kumasi take, tana da ƙaramin ɗakin sanyi da janareta, ma'aunin da ke rataye a ciki yana nuna digiri 5, bokitanta a kife suna warin bilic. Da ta ga hoton amarya, ta ce fiyoni babu, bango na gaske kuma kuɗin bai kai ba, haidiranjiya kuwa ba za ta sa ta a layi ba ko an biya ta.

Amarya ba ta gamsu ba, don haka aka yi gwaji da kuɗin iyali. Lahadi 2 ga Fabrairu aka ajiye tukunyar fure ɗaya ƙarƙashin rumfa a layin da za a yi walima, daga ƙarfe 12 zuwa 6, da kara 3 na kowane iri, duk an shayar da su yadda ya kamata. Da ƙarfe 2 da rabi ma'auni ya nuna digiri 35 a ƙarƙashin rumfar. Haidiranjiya ta kwanta kafin ƙarfe 2. Wardi ya buɗe fiye da kima, gefensa ya fara ƙonewa wajen ƙarfe 4. Kaneshan da kirisantimam sun kai magariba da ɗan laushi. Helikoniya, furen citta da anturiyam ba su nuna alamar komai ba.

Sai maganar launi. Helikoniya da furen citta da aka fi gani ja ne. A Kumasi ja da baƙi kayan makoki ne a wajen Asante, ƙabilar da ta fi yawa a garin, ga maƙwabta da abokan aikin ango da yawa Asante ne, don haka gwaggo ta ƙi ja a bakin layi. Aka zaɓi ƙaramar helikoniya mai ruwan lemo da rawaya, da furen citta mai ruwan hoda, waɗanda suka dace da launin yayi, wato ankon da mata suka ɗinka. An kuma soke furen ƙirji 8 da aka so yi wa ango da abokansa: babbar riga za su sa, allura kuma tana jan zaren aiki.

Ranar Talata 4 ga Fabrairu aka rubuta yarjejeniya da ta ukun, mai ɗakin sanyi, shafi ɗaya. Damin hannu 2, kowanne farin wardi 24 mai tsawon santimita 50, ɗaya na rana ɗaya na dare. Tebur 20, kowanne wardi 5, kaneshan 5, kirisantimam 4 da ganye, a kan rabin soso. Manyan tukwane 2 a gefen kujerar ango da amarya, kowacce wardi 12, lili 5, farin anturiyam 6. Dogayen tukwane 6 na layi, kowacce helikoniya 7 da furen citta 3 da ganyen kwakwa. Wardin da ake bukata 172 ne, aka yi odar dami 10, wato 200, rarar 28 saboda karyewa da lalacewa. An rubuta abin da zai maye gurbin kowane iri idan ya gaza, da sharaɗin a turo hoto kafin a canza. An biya rabi, sauran rabi sai an kawo.

Sharaɗi ɗaya ya fi sauran muhimmanci a wannan makon. Kafin 14 ga Fabrairu, ranar masoya, ana shigo da wardi da yawa, farashi ya tashi, abin da bai ƙare ba kuma ya zauna a ɗakunan sanyi ana sayar da shi da araha bayan ranar. A ido lafiyarsa ƙalau, amma kwanansa ya ƙare, yana fita sanyi sai ya zube. Aka rubuta cewa wardin zai fito ne daga kayan da za su sauka a makon biki, kuma za a nuna takardar kwalin.

Mai adon farko ba a sallame ta ba. Wata dattijuwa a unguwar ta shiga tsakani, aka mayar da kafin alƙalamin kan labule, rigunan kujeru, fitilu da bangon furen yadi, aikin da ta iya.

## 19 zuwa 22 ga Fabrairu: makon biki

Laraba da safe kayan suka sauka a Akra, da yamma suka iso Kumasi cikin mota mai sanyi. Nan take aka buɗe kwalayen. An wanke bokitai da bilic, aka zuba ruwa mai zurfin santimita 15 da garin abincin fure. Inda ba a samu garin ba, ana haɗa makamancinsa: a kowace lita ɗaya ta ruwa, babban cokali 1 na sukari, babban cokali 2 na ruwan lemon tsami, rabin ƙaramin cokali na bilic, kowanne a zuba shi cikin ruwan daban, kada a haɗa bilic da lemon tsami su kaɗai. Sukarin abinci ne, tsamin yana sa kara ya ja ruwa da sauƙi, bilic ɗin yana kashe ƙwayoyin cuta. An cire duk ganyen da zai taɓa ruwa, an datse santimita 3 a karkace da wuƙa mai kaifi, kowane kara yana fita daga wuƙa yana shiga ruwa. Sun sha na awa 4 a ɗaki mai inuwa, aka sassauta ledarsu don iska ta ratsa, sannan suka shiga ɗakin sanyi.

A nan aka gano dami 2 sun zo da tabon ruɓa. An ɓare ganyen waje na kan furen, aka ceci 6, aka zubar da 34 nesa da sauran. Saura 166, an gaza da 6. Mai furen ta turo hoto a daren. Yayar amarya ta amsa da cewa, “Anti, a rage a teburan baya, kada a taɓa na hannun amarya.” Tebur 6 suka samu wardi 4 da ƙarin kaneshan.

Lili bai shiga ɗakin sanyi ba, domin a rufe yake zuwa kuma yana bukatar kwana 3 zuwa 5 kafin ya buɗe. An ajiye shi a ɗaki mai ɗan ɗumi, duk wanda ya buɗe a tsinke 'yan kawunan da ke ɗauke da garin nan mai ruwan lemo, wanda ke ɓata tufafi. Ranar Juma'a da yamma aka fito da wardin da har yanzu ke dunƙule zuwa ɗaki mai na'urar sanyi a digiri 20 don ya saki jiki. Helikoniya da furen citta an yanke su da asubar Asabar a lambu, aka zaɓi waɗanda suka riga suka buɗe, tun da helikoniya ba ta ƙara buɗewa bayan an yanke ta. Su da anturiyam a baranda mai inuwa suka kwana ana yayyafa musu ruwa. Sanyin da bai kai digiri 12 ko 13 ba yana baƙanta su, ɗakin da ke raya wardi kashe su zai yi.

Asabar aka haɗa tebura 20 da damin hannu, aka mayar da su sanyi. Da dare aka ɗauke wuta na awa 4. Janareta ya tashi, a can nesa da ƙofar ɗakin saboda hayaƙi, ma'auni bai wuce digiri 7 ba.

## 23 ga Fabrairu: ranar biki

Ƙarfe 11 aka kai tukwanen layi a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen zane, aka ɗaure kowacce da sandar rumfa bayan an zuba tsakuwa a gindinta saboda yara da iska. Damin hannu na farko ya zo ƙarfe 3 cikin jug na ruwa. Aka ba wata ƙawar amarya aiki ɗaya: duk lokacin da amarya ta zauna ko ta shiga canza kaya, ta mayar da damin cikin ruwa, ta goge gindinsa da tawul kafin ta miƙa. Zuwa magariba gefen furannin waje ya yi duhu, an kuma rungume shi sau da yawa har 3 sun karye. Bai je liyafa ba.

Ɗakin taron akwai masu ibada a cikinsa har ƙarfe 2, kuma masu ɗakin da awa suke lissafin na'urar sanyi. An biya ƙarin awa ɗaya aka kunna ta ƙarfe 5, furen tebur ya iso ƙarfe 6 cikin akwatunan roba a mota mai sanyi, aka ƙara wa kowane soso rabin kofin ruwa bayan an ajiye shi. A jikin bangon yadi, daidai inda kafaɗun ango da amarya za su fito a hoto, manyan tukwane biyun suka tsaya. Dami na biyu ya fito daga sanyi ƙarfe 7 da rabi.

Lili guda ya buɗe a cikin mota ba a lura ba, garinsa ya taɓa hannun farar shaddar ango. Mai furen ta hana a goge ko a sa ruwa, domin hakan ke shigar da shi cikin zare. Ta ɗaga shi da salatif, sau 4, tabon ya kusan ɓacewa.

Da aka tashi wajen ƙarfe 12 na dare, wardi 3 ne suka karya wuya, duk a teburan da ke bakin ƙofa inda iska mai zafi ke shigowa. Tukwanen layi an raba wa maƙwabta, sun haura mako guda a gidaje. Asarar lefe da ta gwajin gida, haɗe da tukunyar gwaji, ta ɗora kusan kashi ɗaya cikin biyar a kan kasafin ado na farko.

## Abin da ya raba nasara da asara

Wardin da ya mutu ranar lefe da wanda ya kai tsakar dare ranar biki iri ɗaya ne, daga ƙasa ɗaya. Bambancin yana cikin sa'o'in da kowanne ya yi ba ruwa, da inda ya kwana. Wannan ba ya fitowa a hoto, shi ya sa zaɓin farko ya faɗi tun ranar da aka yi shi: an auna mai ado da abin da ido ke gani, alhali aikin mai fure yawancinsa a bayan shago yake, cikin bokiti da wuƙa da ma'aunin sanyi. Mai adon farko tana da laifin cewa “babu abin da zai gagara” a kan abin da ba sana'arta ba. Iyalin ma sun biya rabin kuɗi a kan kalmar “fure” ba tare da adadi ko iri ba. Da an nemi ganin inda furen zai kwana ranar 1 ga Disamba, da ba a kai ga ranar lefe a haka ba.

Gwajin gida kuskure ne mai araha, kuma ya fi kyau da aka yi shi da kara 40 maimakon 200. Tukunyar 2 ga Fabrairu ita ce kuɗin da ya fi kowanne amfani, domin ita ta sa amarya ta haƙura da haidiranjiya da idonta, abin da bakin gwaggo da na mai fure ba su iya ba. Ta kuma nuna yadda ya kamata a raba furen bikin zango, wanda rabinsa a titi ake yi: na ƙasar waje ya tsaya inda akwai sanyi da hannun amarya, na gida ya fita rana, bango kuma a bar wa yadi. Babu abin kunya a bangon yadi. Abin da ke ɓata rai shi ne a biya kuɗin na gaske a tarar da shi.

Wuri ɗaya yarjejeniyar ta gaza. Rarar 28 a kan 172 tana isa a yawancin makonni, amma ga farin wardi, a makon da ya biyo bayan 14 ga Fabrairu, da tafiyar kilomita 250 a gaba, ta yi kaɗan. Dami 11 ya kamata a rubuta, kara 220, da teburan baya 6 ma sun samu nasu cikakke.